Hitar banɗaki kafin haihuwar hunturu: wacce zan saya, me kuma zan ce wa Hajiya?

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, ina haya a wani gida mai fulat huɗu a Rijiyar Zaki. Iyalina tana da juna biyu wata takwas, in Allah Ya sauke ta lafiya haihuwar za ta faɗo tsakiyar hunturu. Wannan ce ta uku, don haka ba za ta tafi gida wanka ba, mahaifiyata ce za ta zo daga ƙauye ta zauna da mu har arba'in. Yanzu haka kullum da asuba iyalin tawa ce ke ɗora ruwa a gas, ta ɗauko tukunya daga kicin zuwa banɗaki don wankan yara biyu masu zuwa makaranta, gas ɗin kuma ba ya jimawa. Na ɗan tara kuɗi zan sayi hita. Iyalina tana son ta bango mai tanki. Abokina ya ce in sa mai zafafa ruwa nan take irin ta gidansa. Ƙanena ya ce duk ɓarnar kuɗi ce, hitar bokiti ta isa. Hajiya kuwa da ta ji, cewa ta yi ruwan hita ba ya gasa jiki, ruwan jego sai na itace, in tanadi ganga. Tsakar gidan na kowa ne, ban san yadda maƙwabta za su ɗauki hayaƙi ba, mai gidan ma ban tuntuɓe shi ba tukuna. Wuta galibi cikin dare muke samu, ta tafi kafin asuba, wani lokaci ta zo ba ƙarfi. Ruwa daga tanki ɗaya muke sha mu duka, in ya ƙare sai 'yan garuwa. Ina da ƙaramin janareta da inbata ta fitila da fanka. Ba na son ɓata wa Hajiya, ba na son iyalina ta wahala, kuma labaran wuta ta ja mutum a banɗaki suna ba ni tsoro. Har na yi tunanin sayen hitar ɗumama ɗaki in riƙa kai ta banɗakin saboda jariri. Me zan yi?

Wani magidanci, Rijiyar Zaki, Kano

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah Ya raba lafiya, Ya sa mu ji alheri.

Kafin mu kai ga kasuwa, akwai wuri ɗaya a wasiƙarka da ya tsaya min a rai. Mace mai ciki wata takwas, da duhun asuba, riƙe da tukunyar tafasasshen ruwa da tsumma, tana takawa a kan tayil, ga yara biyu suna gilmawa ta gabanta da magagin barci. Wutar da kake tsoro ba ta shigo gidanka ba tukuna, amma wannan haɗarin yana nan kowace safiya. Daga gobe kai za ka riƙa ɗaukar tukunyar nan kafin ka fita masallaci, har ranar da hita za ta fara aiki. Wannan ba ya jiran kuɗi ko izinin kowa.

To, a kan hitar, iyalinka ce ta yi daidai, kuma gidan da kuke ciki ne ya ba ta gaskiya. Kai da bakinka ka ce cikin dare kuke samun wuta, ta tafi kafin asuba, ruwan zafi kuwa da asuba kuke buƙatarsa. Hitar bango mai tanki tamkar babban filas ce mai dafa ruwanta da kanta. Tana da rufi mai kauri tsakanin tankin ciki da jikinta na waje, saboda haka ruwan da ta zafafa ƙarfe ɗaya na dare yana nan da zafinsa lokacin kiran sallah, ko da wutar ta daɗe da tafiya. A cikin ukun da aka kawo maka, ita kaɗai ce ke iya ajiye maka wutar dare har gari ya waye.

Bari in yi maka lissafin, don ka je kasuwa da abinka a kai. Yawancin waɗannan hitoci ƙarfinsu tsakanin wat 1,200 ne zuwa 2,000. Mu ɗauki mai wat 1,500 da tankin lita 30. Ɗaga ruwan daga digiri 20 zuwa digiri 60 a ma'aunin Salsiyos zai ci maka kusan yunit ɗaya da rabi a mita, cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan. Ruwan digiri 60 ba a wanka da shi haka, sai an surka, kuma in ka surka shi da na sanyi daidai wa daida ka samu kusan lita 60, wato bokitin fenti uku. A aikace zai ɗan gaza haka, domin kana ɗiban mai zafi na sanyi yana shiga yana gauraya da ragowar. Mai lita 15 bokiti ɗaya da rabi za ta ba ka, ta yi wa gidanka kaɗan. Mai lita 50 za ta kai ka kusan bokiti biyar, amma tana buƙatar awa ɗaya da rabi da yunit biyu da ɗoriya. Ko da a ce kana layin Band A, na masu samun wuta mafi yawa, wanda hukumar kula da harkar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kafin daga baya a ɗan sassauta, zafafa lita 30 sau biyu a rana bai wuce 'yan ɗaruruwan naira ba. Yadda ka kwatanta wutarku kuwa, da alama ba a wannan layin kuke ba, naku ya fi sauƙi. Ka duba takardar sayen katinka ka ga nawa ake sayar maka da yunit, ka ninka da uku, ka gwada da abin da gas ke cinye maka.

Ni lita 30 zan ce ka saya. Kwana arba'in za su wuce, Hajiya za ta koma, kuma sanyin Kano wata uku ne, daga Maris zuwa Mayu ruwan tanki da kansa yake zafi har a rasa na sanyi. In kuna son ƙari a kwanakin jego, da zarar ta gama zafafa na farko a juye shi a babbar kula a rufe, a bar ta ta sake dafa wani. Kun samu ninki biyu ke nan ba tare da ka sayi babba ba.

Abokinka ba ruɗinka yake yi ba, a gidansa tana yi masa aiki. Amma mai zafafawa nan take ba ta ajiye komai, sai da wuta a daidai lokacin da ruwan ke zuba, lokacin da kai ba ka da ita. Ko da akwai wutar, ƙaramarsu mai wat 3,500 tana jan kusan amfiya 15, ta fi ƙarfin soket ɗin gida mai amfiya 13, manyan kuwa sai an ja musu waya mai kauri tun daga allon birekoki. Duk da wannan jan wutar, in ruwa na zuba lita uku a minti, digiri 17 kawai take ƙara masa. Ruwan da ya kwana a tanki a watan Janairu, lokacin da sanyin asuba a Kano ke sauka wajen digiri 13, ɗumi-ɗumi zai fito. Idan kuma wuta ta zo ba ƙarfi, a ce bolt 180 maimakon 230, kowace hita kashi 60 cikin ɗari na ƙarfinta kawai take bayarwa. Mai tanki za ta ɗauki awa ɗaya da rabi maimakon awa ɗaya, ta dai kai. Mai nan take ba ta da wannan damar, ruwan ya riga ya wuce. Ga kuma tankinku da fulat huɗu ke ja: da yawa daga irin waɗannan hitocin ba sa ma kunnuwa in ruwa bai zo da ƙarfi ba.

Maganar ƙanenka ita ce ta fi kusa da aljihu, na kuma san gidaje da yawa a garin nan da hitar bokiti suke fita hunturu. Duk da haka ba zan ba ka shawararta ba, saboda yaranka. Hitar bokiti wuta ce tsirara a cikin ruwa, a ƙasa, daidai tsayin yaro. Ƙarfenta yana tsagewa a hankali ba tare da ido ya gani ba, ranar da ya tsage kuwa ruwan bokitin gaba ɗaya ya zama wuta. Abin da kowa ke yi ba tare da tunani ba shi ne tsoma yatsa a ji ko ya yi zafi. A gidan da ake samun wuta cikin dare akwai wani haɗarin: a jona ta, wuta ta tafi, a manta a kwanta, wuta ta dawo ƙarfe biyu, ruwa ya ƙone, bokitin roba ya narke. Gobarar hunturu da yawa daga irin wannan mantuwar take tashi, iska na kaɗawa, komai a bushe. Irin wadda ake haɗawa a gida da gwangwani ko reza kuwa, kada ma ta ƙetara maka ƙofa, domin ita ta cikin ruwan kansa wutar ke bi.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, domin tsoron da kake ji yana da tushe. Hitar bango ba ta cika cutar da mutum don kanta ba, haɗin da aka yi mata ne ke cutarwa. Shekarun baya na sa wa mahaifiyata irinta. Bayan 'yan makonni ta ce min in ta taɓa kan famfo da jiƙaƙƙen hannu tana jin wani ɗan tsir-tsir, kamar cizon kiyashi. Na kira wani mai wayarin daban da wanda ya yi aikin farko. Da ya kwance makunnin, sai ga wayar nan mai ratsin kore da rawaya a naɗe an cusa ta baya, bakinta ko fiƙe shi ba a yi ba, ba ta haɗu da komai ba. Gidan kansa ashe ba a taɓa binne masa sandar ƙasa ba. Ranar ban iya cin abinci ba, domin tsohuwa ce mai wanka ita kaɗai, ƙafa ba takalmi, ƙofa a rufe. Tun daga lokacin duk wanda ya tambaye ni hita, maganar waya nake fara yi masa.

Wannan waya mai kore da rawaya ita ce wayar ƙasa. Aikinta in wuta ta ɓalle ta taɓa jikin hita ko bututu, ta kwashe ta zuwa sandar jan ƙarfe da aka binne a ƙasa, maimakon ta bi ta jikin mai wanka. Ka sa mai wayarin ya nuna maka sandar da idonka, ya kuma auna da na'urarsa a gabanka cewa wayar banɗakinka ta kai can. Gidajen haya da yawa soket mai baki uku ne a bango, amma baki na ukun ado ne. Sannan a sa maka birekar kare rai, wadda masu kayan wuta ke kira RCD ko ELCB, a jikinta za ka ga an rubuta 30mA. Kada wani ya ce maka ai akwai bireka a gidan. Birekar da aka saba waya take karewa daga ƙonewa, sai wuta ta haura amfiya 20 ko 30 take faɗuwa, alhali abin da ke tsayar da zuciyar mutum bai kai amfiya ɗaya ba, nesa ba kusa ba. Ta kare rai kuwa da zarar ta ji ɗan kaɗan ya kauce hanya take yankewa, cikin ƙiftawar ido. Tana da ɗan maɓalli na gwaji, ka riƙa danna shi duk wata ka ga ta faɗi. A hunturu ƙasar Kano bushewa take yi ƙayau, busasshiyar ƙasa kuma ba ta karɓar wuta da kyau, shi ya sa ba na yarda da sandar ƙasa ita kaɗai ba tare da wannan birekar ba.

Hitar ta samu layinta ita kaɗai daga allon birekoki, da waya mai milimita 2.5 ta jan ƙarfe na gaske, kada a ɗora ta a kan layin fitila ko a jona ta da doguwar wayar soket. Makunninta ya zama irin mai amfiya 20 da ke yanke wayoyi biyu a tare, mai ɗan jan haske, a kafa shi a wajen banɗaki, sama da inda hannun yaro zai kai. Ka kuma kafa doka a gidan, kai da iyalinka da Hajiya: ba mai shiga wanka sai an kashe makunnin. Ruwan yana nan da zafinsa, ba abin da aka rasa. Wanda zai yi maka aikin, ka nemi wanda ya yi wa wani na kusa da kai ka je ka gani, in yana da takardar shaidar ƙwarewa ta NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki, ya fi. Idan kuɗinka bai isa ga duka ba, ka rage girman hita, ka bar kuɗin waya da bireka da mai aiki yadda suke. Araha ba ta ado, a nan kuwa ba ado kaɗai ake rasawa ba.

Ɓangaren fulamba ma yana da nasa. Akwai ɗan bawul da ke zuwa tare da hitar, ana ɗaura shi a bututun da ruwan sanyi ke shiga. In ruwa ya yi zafi yakan kumbura, sai bawul ɗin ya riƙa ɗigar da kaɗan don tankin ya sami sarari. Mutane sukan ga ɗigar su ɗauka lalacewa ce su toshe shi, wannan kuwa shi ne hanyar fashewar tanki. A sa masa ɗan tiyo ya zuba a magudana, a bar shi. Bututun ruwan zafi ya zama irin na PPR, domin farar robar da aka saba ba ta jure zafi. Lita 50 na ruwa nauyin buhun siminti ne, ban da nauyin ƙarfen, mai lita 30 ma a cike ta kai kilo 40, don haka a duba bangon a ga ƙusoshin sun kama wuri mai ƙarfi, ba ramin bulo ba.

Abu biyu kuma sun shafi tankinku na haɗaka. Na farko, ruwan sanyi mai shiga shi ke turo mai zafi waje, saboda haka in tankin sama ya ƙare, ruwan zafinka yana ciki amma famfo ba zai ba ka ko ɗigo ba. Ku daidaita da maƙwabta a riƙa tayar da ruwa da zarar wuta ta zo. Na biyu, kada a taɓa kunna hita ba ruwa a cikinta, nan take ƙarfen zafinta yake ƙonewa. Duk ranar da ruwa ya yanke ya dawo, a buɗe famfon zafi har sai ruwa ya zuba ba tari ba iska, sannan a kunna. In kuma ruwanku na bohol ne mai barin farin ɓawo a gindin buta, irin wannan ɓawon yana kama cikin hita, sai ka sa a buɗe a wanke duk shekara kafin sanyi, a duba 'yar sandar da ke ciki mai hana tsatsa.

A Sabon Gari, musamman wajen France Road, da kuma Ƙofar Ruwa, za ka samu kala-kala. Ariston ita ce sunan da ya fi yawo a bakin mutane, akwai wasu ma masu kyau, sai dai duk kayan da ya yi suna ana kwaikwayonsa. Ka tafi da mai wayarin naka. A buɗe kwali a gabanka, ka ga bawul da ƙusoshi da littafin bayani da katin garanti, ka karanta wat da lita a jikin hitar kanta, ka karɓi rasit mai sunan shago. Ta hannu ba na son ka saya, domin cikinta ne ke ruɓewa, wajenta kuwa fenti ne.

Mai gida kuma ka same shi kafin a huda ko rami ɗaya. Ka gaya masa aikin zai ƙara wa gidansa daraja, musamman sandar ƙasa da za ta amfani fulat huɗun. Ku rubuta a takarda ko da layi uku ne, da shaida: hitar taka ce za ka cire in za ka tashi ka gyara bangon, ko kuwa za ka bar ta a rage maka a kuɗin haya. Yau ana dariya, amma ranar tashi ake jin kan mutane.

Sai Hajiya. Ina roƙonka kada ka ɗauki maganarta a matsayin rashin wayewa. Matar nan za ta bar ɗakinta da dabbobinta ta zo ta yi kwana arba'in tana tashi cikin sanyi saboda matarka da jikanta. Ganga da itace da ganyen darbejiya su ne abin da ta sani na kula da mai jego, da su aka kula da ita lokacin da ta haife ka. In ka ce mata an sayi na'ura, abin da kunnenta zai ji shi ne ba a buƙatarta. Kuma a gefe ɗaya tana da gaskiya: hitar bango ba ta tafasa ruwa, yawancinsu ba sa wuce digiri 70 zuwa 80, ba kuma a zuba ganye a cikinsu.

Saboda haka ka haɗa mata biyun. A ɗebi ruwan hita mai digiri 60 a zuba a tukunyarta, ta sa ganyenta, ta ƙarasa tafasa shi. Daga 20 zuwa 100 tafiyar digiri 80 ce, daga 60 kuwa 40 ce, rabin aikin an riga an yi. Rabin da ya rage ƙaramin murhun gawayi a kusurwar tsakar gida zai yi shi, ba tare da hayaƙin da zai dami maƙwabta ko ya shiga ƙirjin jariri ba. Su ma maƙwabtan ka gaya musu tun yanzu, matan gidan sun san jego, da wuya a samu mai cewa a'a ga kwana arba'in. Maganar kuma daga bakinka za ta fito, kada ka bar iyalinka ta faɗa, don kada ta zama ta suruka da suruka. In da hali ka je ƙauyen da kanka, ka zauna a gabanta ka ce: Hajiya, na sa abin zafafa ruwa ne don kada ki riƙa fita hura wuta da duhu cikin wannan sanyin, wankan kuwa yadda kika tsara haka za a yi. Ranar da ta zo, ka fara buɗe mata famfon ta yi alwalar asuba da ruwan ɗumi. Gani ya kori ji.

Akwai wuri ɗaya da ba zan ce ka sassauta ba, shi ne lafiyar mai jegon. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka kuma yi zargin tsananin zafin jego da yawan kunun kanwa, domin kanwa tana ɗauke da sinadarin gishiri mai yawa. Ka raka iyalinka awo na gaba, ku tambayi ma'aikaciyar jinya kai tsaye yaya zafin ruwan wanka ya kamata ya kasance, kanwa kuma nawa. In tana da hawan jini, ko haihuwar ta zo da tiyata, maganar likita ce gaba, kuma kai ne za ka isar wa Hajiya da ita cikin ladabi. In ka ga mai jego tana haki, ƙafafu sun kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, asibiti za a tafi a ranar. Ka kuma tambayi iyalinka, ku biyu kawai, yadda wankan haihuwa biyun baya ya kasance mata da abin da take so a wannan karon. Jikinta ne za a gasa, a wasiƙar kuwa ban ji an tambaye ta wannan ba.

Hitar ɗumama ɗaki kada ta shiga banɗaki ko sau ɗaya. Ba a yi ta don wurin ruwa ba, fallatsi ɗaya ko jiƙaƙƙen hannu ya isa. Jariri a ɗaki za a yi masa wanka, da hantsi bayan rana ta ɗaga, tagogi a rufe, tawul da kaya a kusa. In kana son ɗumama ɗakin, ka kunna ta nesa da labule da katifa na ɗan lokaci, ka kashe ka zare kafin a shigo da baho. Kaskon gawayi kuwa ba a rufe ƙofa da shi, a ɗaki ne ko a banɗaki, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum ya wuce daga nan. Ruwan jariri kusan digiri 37 ake so, ɗumin jiki, a gwada da gwiwar hannu. A bokiti ko baho kullum na sanyi ake fara zubawa sannan mai zafi, saboda ruwan digiri 60 cikin daƙiƙu kaɗan yake sale fatar yaro. Kada kuma wannan ya sa ka sauke saitin hitar ƙasa sosai, ruwan da ke kwana ɗumi-ɗumi a tanki ƙwayoyin cuta suna jin daɗinsa. Ka bar ta a 60, ka koya wa yaran cewa famfo mai jan alama ba nasu ba ne.

Za a yi ranakun da wuta ba za ta zo ba sam. Kada ka ɗora hitar a kan inbata, cikin ɗan lokaci za ta zuƙe batirin, ka ma tabbatar mai wayarin bai haɗa layinta da na inbatar ba. Ƙaramin janareta da bai kai wat 1,000 ba shi ma ba zai ɗauke ta ba. Ranar sai a koma ga gas ko gawayi, kai kuma ka koma ga ɗaukar tukunya. In mai gida ya ƙi yarda, ko kuɗin bai kai ba kafin haihuwa, ka sayi babbar butar lantarki mai kashe kanta, a ajiye ta a kicin a kan tebur, a dafa ruwa cikin dare a tara a kula mai murfi mai kyau, a kai kular bakin banɗaki tun yara na barci. Ba ta kai hitar bango daɗi ba, amma wuta ba ta shiga inda ake wanka ba, kuɗin da ka tara kuma yana nan har ka ƙarasa.

Wata guda ya rage maka, ƙanena, wataƙila ma bai kai ba. Asabar ɗin nan ka kira mai wayarin ya zo ya duba sandar ƙasa da allon birekoki kafin ka sayi komai, domin abin da ya gani shi zai gaya maka nawa ya rage na hita. Da yamma ka leƙa wajen mai gida. Ka gaishe min da Hajiya, in an sauka lafiya kuma ka rubuto mu sha suna.